Hannun da Ba a Ƙirga Ba

Shekara goma sha tara ta yi a teburi ɗaya, a hawa na biyu na ofishin wata hukuma, dab da tagar da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda a gefe. Aikinta buga wasiƙu. Da keken rubutu ta fara, irin mai ƙarar nan da ake ji tun daga matakala, har kwamfuta ta zo ta same ta a wurin. Daraktoci shida sun zo sun tafi a kan idonta. A ofis Taifis ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba, don ita ma ta san ta iya. Za ka tsaya a kanta kana ba ta labari, idonta na kanka, tana amsa maka, yatsunta kuma na can suna ta gudu a kan madannai kamar ba nata ba.

Wasiƙun ƙarin girma na mutane da yawa sun bi ta ƙarƙashin yatsun nan, har da na yaran da ita ta koya wa yadda ake jera takarda a fayil. Ta buga, ta kai an sa hannu, ta ce musu Allah ya sanya alheri. Ba ta da hassada, amma tana da ido.

Wata safiya Darakta ya miƙo mata wata sanarwa da rubutun hannunsa, ya ce yana son ta kafin sha biyu. Tana cikin bugawa ta gane da ita ake. Nan da shekara huɗu za a soke matakin masu buga takarda baki ɗaya. Wanda ya kawo digiri kafin lokacin za a mai da shi jami'in gudanarwa, wanda bai kawo ba a sallame shi. Ta ƙarasa ba kuskure ko ɗaya, ta kai, sannan ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta. Lokacin shekarunta arba'in da uku.

Mijinta mai gyaran firij ne, mutum mai sanyin hali da yawan tsokana. Da ta gaya masa tana so ta shiga jami'a, sai ya ajiye sukundireban da ke hannunsa ya dube ta sama da ƙasa.

"Wato ke da babbar 'yarki za ku riƙa faɗa a kan biro ke nan."

"Baban yara, da gaske nake."

"Na sani. Je ki yi. Ni dai sharaɗina ɗaya, in kin faɗi jarrabawa kada a aiko in zo a matsayin mahaifi."

Abin da ya sa ta ga ƙofa a buɗe shi ne tsarin da jami'ar garin ta shigo da shi. Kwana biyu a mako ana zuwa aji, Talata da Alhamis. Sauran kwana ukun malamai su koyar ta intanet, kuma a naɗi laccar a ajiye, wanda bai samu shiga kai tsaye ba ya kalla daga baya. Ta je wa Darakta da roƙo. Ya ja rai, ya sha mur, a ƙarshe ya yarda ta ɗauki kwana biyun, ta rama da zuwa aiki ranar Asabar. Tana bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ranar da kika nemi kwana na uku, ki taho da takardar ajiye aiki a hannu." Ta ce ta ji ta gode.

Ranar farko da ta shiga aji da jakarta da tabarau, yara sittin da wani abu suka yi tsit, wasu har da miƙewa, sun ɗauka malama ce. Da ta wuce ta nemi benci ta zauna sai aka fashe da dariya. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ta koma gida. Sai wata siririyar yarinya mai murya kamar lasifika ta buga tebur ta ce, "Kai! Ba ku da iyaye a gida ne?" Ta matso ta ce, "Anti, dawo nan gaba, can fanka ba ta aiki." Daga ranar ta zama Anti. Yarinyar kuwa ita aka zaɓa wakiliyar aji, kuma saboda yadda take juya kowa da baki aka laƙaba mata Gwamna.

Gwamna ce ta koya mata komai na waya: yadda ake shiga aji ta intanet, inda ake samun laccar da aka naɗa, yadda ake tura aiki. Ba ta gajiya da maimaitawa. Anti kuwa ta ɗauke ta kamar ita ta haife ta. Ran Lahadi Gwamna kan zo gidan, ta ci abinci tare da yaran, ta ce wa mai gyaran firij Baba, shi kuma ya ce mata "ranki ya daɗe, yaya talakawanki?" In za ta tafi sai an ƙulla mata wani abu a leda.

Anti ba ta samun shiga laccar intanet kai tsaye, lokacin tana bakin aiki. Sai an tashi hutun rana ta toshe kunnenta da abin sauraro ta kunna naɗin, wanda ya ragu ta ƙarasa da sassafe kafin yara su tashi. To amma mutumin da ya shekara goma sha tara yana mai da magana rubutu, ba ya iya jin magana hannunsa na zaune. Malami na bayani, ita tana bugawa. Ta cire tarinsa da "kun gane ko?" ɗinsa, ta cire inda ya tsaya yi wa wani faɗa, ta sa kanun magana, ta jera misalai, inda ya yi tuntuɓen harshe ta gyara masa ba tare da ya sani ba, kamar yadda ta saba yi wa daraktoci. Laccar awa biyu sai ta fito shafi bakwai, tas, kamar littafi.

Don kanta take yi. Wata rana Gwamna ta yi kukan sabis ya yanke mata a tsakiyar lacca, sai Anti ta tura mata. Bayan minti goma takardar tana cikin guruf ɗin aji, ana ta zuba addu'a. Kafin a gama shekarar farko abin ya zama doka. Takardar Anti, haka ake kiranta. In ta makara da yini ɗaya sai saƙonni su yi ta shigowa: Anti lafiya dai? Anti muna jira. Antinmu ta kanmu. Ita kuwa, gaskiya, abin yana mata daɗi. A ofis ba wanda ya taɓa ce mata an gode don ta buga takarda.

Akwai wata 'yar lamba a kusurwar naɗin da ke nuna mutum nawa suka shiga kai tsaye. A zangon farko hamsin da wani abu take nunawa. A shekara ta biyu ta koma ashirin. A ta uku, in an samu bakwai an yi arziki. Wani dattijon Dakta har yakan tsaya ya ce, "Akwai mai ji na kuwa? Ko ni kaɗai nake ta surutu?" Anti ta kan ji tausayinsa, ta girgiza kai ta ce yaran yanzu ba sa son karatu, sannan ta ci gaba da bugawa. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa ita ce ta kwashe masa ɗalibai. Wa zai ƙona datarsa awa biyu yana fama da sabis, alhali gobe shafi bakwai za su same shi har gado? Mace mai kaifin ido irin wannan, amma abin da ke fitowa daga hannunta ba ta gan shi ba.

Ba wai ba ta jin ƙorafinsu ba. Ran Talata da Alhamis, in malami ya makara, hirar ke nan a baranda. Wani dogon yaro da ake ce wa Lauya, don ba ya rasa ta cewa, ya ce shi bai ga bambancin karatun intanet da sauraron rediyo ba, in ka yi tambaya sai an wuce wurin kafin a ji ka. Wani ya ce da ya kunna lacca a ɗakinsa barci ke sace shi, don ba idon kowa a kansa. Wata ta ce ita jami'a ta shigo don ta ga mutane, ba don ta zauna tana kallon hoton malami daga ƙirji zuwa sama ba. Akwai masu ganin alherinsa. Wata mai goyo ta ce ba don kwana ukun nan ba da tuni ta haƙura. Wani da ke tsaron shagon yayansa ya ce shi daɗin naɗi yake ji, in bai gane ba ya mayar baya, malami ba zai harare shi ba. Amma masu wannan ra'ayin a hankali suke magana, masu ƙorafi kuwa da ƙarfi.

Gwamna ba ta cika sa baki a baranda ba. A kicin ɗin Anti ta faɗi nata, wata Lahadi suna wanke kwanoni. Gidan su Gwamna ɗaki da falo ne, ƙannenta shida. "Anti, Mamarmu in ta gan ni riƙe da waya ba ta yarda karatu nake. Sai ta ce tunda kina zaune ɗora ruwa, tunda kina zaune goya wannan, tunda kina zaune je ki kasuwa. Ran Talata da Alhamis kawai nake ɗaliba. Sauran kwanakin 'yar aiki ce." Ta yi dariya, Anti ma ta yi, ta ce mata ta riƙa zuwa nan gidan tana karatu, ga falo ba kowa da rana. Gwamna ta ce to. Sau biyu ta zo, gidan da nisa.

A ƙarshen shekara ta uku jami'a ta ce za ta ji ra'ayin ɗalibai. Kowane aji zai zauna da kwamiti, a tattauna, a ɗaga hannu: a ci gaba da haɗa aji da intanet, ko a koma aji kwana biyar. Abin da ajin ya zaɓa shi za a yi masa a shekarar ƙarshe. Ajin su Anti aka ba ranar Laraba da sha biyu, kuma aka ce wanda ba zai iya zuwa ba ya shiga ta intanet, ƙuri'arsa ɗaya da ta kowa.

Zango biyu suka rage wa Anti, wa'adin ofis kuma shekara ɗaya cif. Kwana biyar a aji, a wurinta, daidai yake da a ce mata ta tattara littattafanta. Ran Talata, kafin malami ya shigo, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara uku: ta fita gaban aji. Ta gaya musu komai, sanarwar da ta buga da hannunta, sharaɗin Darakta, shekarunta. Ta ce ba ta ce su bar ra'ayinsu don ita ba, amma su tuna akwai irinta.

Aji ya kaure da tafi. "Haba Anti!" "Muna tare, Anti!" Lauya ya miƙe ya ce duk wanda ya taɓa Anti ya taɓa sakamakon jarrabawarsa, aka yi dariya. Gwamna ta raka ta har tasha tana riƙe mata jaka.

"Gobe akwai taron hukuma a ofis, ba zan iya fitowa ba," in ji Anti. "Ta waya zan shiga."

"Ki kwantar da hankalinki. Ni ce a kan kwamfutar. Da kin danna alamar ɗaga hannu zan buɗe miki murya, ki yi musu bayani kamar yadda kika yi yau. Farfesar da ke shugabantar kwamitin ma mace ce, za ta ji."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ran Laraba sha biyu saura, ta faki ido ta shige ɗakin ajiye fayiloli, ta ja ƙofa. Ta jingina wayar da wani kwali, ta zauna a kan tsohuwar kujera mai ƙafa uku da rabi. Hoton ya fito. An ajiye kwamfutar a gefen teburin gaba, don haka tana ganin rabin fuskar Gwamna kusa-kusa, bayanta kuma layin benci cike da fuskokin da ta sani ɗaya bayan ɗaya. Ta duba kusurwa. Lambar na nuna ɗaya. Ita kaɗai ce a kan layi. Mai goyon ba ta zo ba, ba ta kuma shiga ba.

Farfesa, shugabar kwamitin, ba mai son ɓata lokaci ba ce. Ta ce akwai abin da ya ɗaure musu kai game da wannan aji. A duk sashen su ne suka fi kowa ƙauracewa laccar intanet, mutum bakwai cikin sittin da biyu, amma su ne suka fi kowa cin jarrabawa. Yaya aka yi?

Aka fara 'yan dariya ƙasa-ƙasa. Lauya ya ce, "Ranki ya daɗe, muna da takarda."

"Wace takarda?"

Gwamna ta buɗe jakarta ta fito da wani ƙaton kundi mai baƙin bango. Anti ta gane shi. Laccocin shekara uku ne, ita da kanta ta haɗa ta sa aka ɗinke, ta ba Gwamna kyauta. Farfesa ta karɓa tana buɗawa tana gyaɗa kai.

"Wata a cikinmu ce ke bugawa," in ji Gwamna, da muryar nan tata da ke cika ɗaki. "Kuma wannan shi ne hujjarmu. Shekara biyu ba mu kalli bidiyo ba, ba abin da ya same mu. Ɗalibi malami yake so a gabansa da takarda a hannunsa. Kwana ukun nan zaman gida ne kawai aka sa masa sunan karatu."

Tafi ya tashi. Anti ta ce a ranta yarinyar shimfiɗa take yi, yanzu za ta juyo. Ta danna alamar. Wani ɗan hannu ruwan ɗorawa ya bayyana a gefen sunanta. Ta gyara zama, ta share maƙogwaro.

Aka ba wani dama, ya yi maganar data. Aka ba wata, ta yi maganar sabis. Mai tsaron shagon yayansa ya ɗan ɗaga yatsa, ya dubi na kusa da shi, ya sauke ya sosa kai. Anti ta danna makirfo, saƙo ya fito cewa mai kula da taro ne kawai zai iya buɗewa. Ta koma wurin rubutu. Ba ta taɓa gudu a kan madannai irin na ranar ba, ga su ƙanana. Ta rubuta cewa takardar nan daga bidiyon take fitowa, in babu naɗi babu takarda. Ta rubuta cewa ita ce mai bugawa, tana nan, tana ji, a ba ta minti biyu. Saƙo tara ta tura, suka jeru a gefe ba wanda ya karanta.

Ta fita da gudu ta ari wayar wata abokiyar aiki, ta dawo ta kira Gwamna. A kan allon ta ga yarinyar ta zaro wayarta, ta duba, ta mai da ita jaka.

"To, mu ɗaga hannu," in ji Farfesa. "Masu son a koma aji kwana biyar."

Anti ta gan su suna tashi. Na Lauya ne farko. Sai na yarinyar da ta taɓa buga wa takardar neman afuwa da aka kusa korarta. Sai na yaron da ta zauna da shi Lahadi uku tana koya masa yadda ake tsara rahoto. Wasu da sauri, wasu a hankali suna kallon ƙasa. Na mai tsaron shago shi ne na ƙarshe, amma ya tashi. Aka ƙirga hamsin da takwas.

"Masu son a ci gaba da tsarin yanzu?"

Ba hannu ko ɗaya da ya tashi. Farfesa ta juyo wajen Gwamna. "Akwai wani a kan layi?"

Gwamna ta dubi allon. Ido cikin ido, in ana iya kiran wannan ido cikin ido. Anti har ta ɗaga hannunta na gaske a cikin ɗakin fayiloli, kamar wawuya.

"Babu kowa, ranki ya daɗe."

"To, baki ɗaya ke nan," in ji Farfesa, ta rubuta. Allon ya yi baƙi.

Ta daɗe a kan kujerar nan. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. An ci amanarta, kuma da kayan hannunta aka ci. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa ana neman Taifis, ta tashi ta je ta buga rahoton taron hukuma, shafi goma sha ɗaya.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba, kada a yi mata wannan shaidar. Ta je wurin shugaban sashe. Ya saurare ta da ladabi, har ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce abin da tausayi, amma ajinta ne ya zaɓa baki ɗaya, ga shi a rubuce, kuma duk wanda bai halarci kashi uku cikin huɗu na lacca ba ba ya zama jarrabawa. Ta ce ba baki ɗaya ba ne. Ya ce ko an ƙara nata ɗaya, hamsin da takwas da ɗaya ne. Ta ce da an bar ta ta yi magana da ba hamsin da takwas ba ne. Ya buɗe hannuwa ya ce wannan kuma Allah kaɗai ya sani. Ta koma wurin Darakta. Bai ma bari ta kai ƙarshe ba, ya tambaye ta ko ta tuna abin da ya gaya mata a bakin ƙofar nan. Ta ce ta tuna. Ta nemi hutun shekara ba albashi, aka ce matakin da za a soke ba a ba shi irin wannan hutun.

Mijinta ya ce ta ajiye aikin ta ƙarasa karatun. Ta ce in ta ajiye, digirin wa za ta kai wa? Wa ke ɗaukar sabuwar ma'aikaciya mai shekara arba'in da bakwai? Ranar bai yi tsokana ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana ta juya wata 'yar wayar wuta a hannu, can ya ce, "Yarinyar nan a kwanona ta ci abinci."

Da aka koma sabon zango ta gwada mako uku, tana zuwa Talata da Alhamis kamar da. Ta zauna a bencin baya inda fanka ba ta aiki. Ana gaishe ta ana kauce wa idonta. Gwamna kullum tana da aiki a ofishin sashe in an tashi. A mako na huɗu aka liƙa sunayen waɗanda zuwansu ya gaza, nata a ciki. Ta rubuta takardar dakatar da karatu, ta kai, ta fita daga guruf ɗin aji ba ta ce wa kowa komai ba.

Bayan wata biyu, wata Litinin da rana, tana cikin aiki ta ji an tsaya a kanta. Gwamna ce, ta rame, idonta ya faɗa.

"Anti, ina wuni."

"Lafiya." Yatsunta ba su tsaya ba.

"Ya su Baba? Kwana biyu ba a ganinki."

"Na bar makarantar."

Da gani yarinyar ba ta sani ba, ko kuma ba ta so ta sani ba. Ta zaro wani ɗan filash na ajiye bayanan kwamfuta daga jakarta tana murza shi. Ta ce aji na cikin wani hali. Malamai na gudu, ba wanda ya iya rubuta lacca da hannu, shekara uku ba a saba ba. Gwajin farko rabin aji sun faɗi. Jarrabawa saura mako uku. Shi ne suka riƙa naɗar laccocin da waya a ɓoye, ga su nan duka, suka ce ko Anti za ta taimaka, ita ma ai za ta ƙaru.

Sai a lokacin Anti ta ɗauke hannunta daga madannai. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kin ga hannuna ranar?"

"Anti..."

"Tambayarki nake. Sabis ne ya yanke, ko kin gani?"

"Na gani."

"Saƙonnina fa?"

"Na gani." Hawaye suka zubo mata. "Anti, wallahi ba don ba na ƙaunarki ba ne. In na buɗe miki murya, ba wanda zai iya ɗaga hannu. Ni kaina ba zan iya ba. Kowa na jin nauyinki. Kuma ni in na ƙara shekara ɗaya a gidan nan kwana uku-uku, haukacewa zan yi. Na ce ke babba ce, kin san mutane, za ki samu wata hanya."

"Da kin gaya min a kicin. Da kin ce Anti, ni ga inda zan sa hannuna. Wallahi da ban riƙe ki ba. Amma kika raka ni tasha, kina riƙe min jaka."

"Ki yafe min, Anti."

"Wannan sai a hankali. Yanzu dai ina da aiki."

Gwamna ta share fuska da gefen mayafinta. Ta juya tana jan ƙafa, ta wuce teburi biyu, ta kai bakin ƙofa. A nan ta tsaya, ta waiwayo, filash ɗin na hannunta.

"To Anti, wannan fa? In bar miki shi?"

Anti ta daɗe tana kallonta, tana neman alamar kunya ko ta wasa a fuskar nan da ta sani kamar ta 'ya'yanta. Babu ko ɗaya. Da gaske yarinyar amsa take jira.